Guzurin Fatake da Abincin Gwauro

A birnin Kano akwai wata tsohuwar al'ada ta watan azumi. In wata ya kwana goma, yara da samari suka fara tashe, sai wani mai sarauta da a ke kira Nalako, watau Sarkin Gwagware, ya fito da jama'arsa da makaɗa, su bi unguwa unguwa suna neman wanda matarsa ta fita bai sake aure ba. Wanda suka kama sai su ɗaura masa igiya su yi ta yawo da shi ana dariya. Wasa ne, kowa ya sani, amma akwai magana a ƙarƙashinsa. A ƙasar Hausa murhu na mata ne. Namijin da ba shi da mata ba shi da wuta a gida, wanda ba shi da wuta kuwa ba shi da tuwo, sai abin da maƙwabta suka aiko masa, ko abin da ya saya a bakin hanya. Shi ya sa a watan azumi, sa'ad da kowa ke tunanin abin buɗa baki da na sahur, aka fi tunawa da gwauro.

To, amma ba gwauro kaɗai ke kwana nesa da tukunya ba. Tun zamanin da akwai dubban magidanta waɗanda sana'a ko ibada ta kan raba su da gidajensu wata da watanni, kamar fatake, da masu tafiya Makka a ƙasa, da almajirai, da makiyaya, daga baya kuma 'yan ci-rani da leburori. Mutanen nan ba su koyi tuƙa tuwo ba, ba su kuwa mutu da yunwa ba. Sun gaji sanin irin abincin da ba ya bukatar wuta a lokacin cinsa, wanda in an auna shi da ma'aunin likitocin zamani sai a tarar ya fi yawancin abin da ya maye gurbinsa amfani ga jiki.

Fataucin da ya fi kowane suna a ƙarni na 19 shi ne na Gwanja, inda a ke sayo goro. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Sakkwato da rani, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da tufafi, da fata, da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Sai su ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Jugu, har su kai kasuwar Salaga, wadda ke cikin ƙasar Gana ta yanzu. Kafin a je a komo a kan yi wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu da manyan attajirai su kan tafi da matansu ko barorinsu, in an sauka zango da maraice a dafa musu. Mutanen ƙauyukan kusa kuma su kan kawo abincin sayarwa. Amma ƙaramin falke mai jaki biyu, da yaron da ke kora, da ɗan alaro mai kaya a ka, su kam daga asuba har a sauke kaya ba su da wata tukunya sai jakar guzurinsu. In kuwa aka shiga dajin da ba gari, ko aka ji labarin mahara, ba mai hura wuta balle hayaƙi ya tona asirin ayari.

Saboda haka ba a wasa da shirin guzuri, ai ba a fafa gora ranar tafiya. Tun ana saura kwanaki da tashi matan gida su ke duƙufa. Uwar guzuri duka ita ce gero. A kan surfa shi, a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro da barkono. In fura a ke so, sai a dunƙula garin a jefa cikin tafasasshen ruwa, in ya dahu a kirɓa a turmi, a cura, a birkiɗa cikin gari. Fura ba ta wuce kwana biyu ko uku ba ta yi tsami ba, saboda haka ta farkon tafiya ce. Ta nesa ita ce gumba da busasshen gari, waɗanda a kan zuba a jakar fata su yi makonni ba abin da ya same su. In rana ta take, falke ya tsaya gindin itace ya ɗebi hannu biyu ya zuba a ƙoƙo, ya tsiyaya ruwa daga salka ya dama, ya sha, ya tashi. In Allah ya sa an yi dace da rugar Fulani a hanya, sai a sayi nono a dama da shi, ran nan an yi sallah.

Bayan gero sai gyaɗa da 'ya'yanta. In mata suka soya gyaɗa suka niƙa suka matse mai, abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ce a ke murzawa a soya ta zama ƙuliƙuli. Mutane sun raina ƙuliƙuli don arha gare shi, har ana ce masa abincin almajirai, alhali kuwa kaɗan ne cikin abincin kasuwa suka kai shi gina jiki. Akwai dakuwa, ta aya ko ta gyaɗa, mai yaji da zaƙi. Akwai nakiya, ta garin shinkafa da zuma da man shanu, wadda ke daɗewa ƙwarai ba ta lalace ba. Mai hali kuma ya kan riƙe kilishi. Mahauci ya kan fere jan nama ya yi fele-fele kamar takarda, ya shanya a rana, ya tsoma cikin kwaɓin tunkuza da yaji da gishiri, ya sake shanyawa, sa'an nan ya nuna masa wuta kaɗan. Naman da aka yi wa haka ya kan yi watanni a jaka in dai bai sha danshi ba. Duk waɗannan abubuwa hikimarsu ɗaya ce: a yi wahalar wuta a gida sau ɗaya, a kore ruwan da ke jikin abu don kada ya ruɓe, sa'an nan a mayar masa da ruwan a ƙoƙo lokacin da a ke bukata.

Baturen nan na Jamus, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetaro Sahara ya biyo ta Agadas a 1850, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Cikin littattafan tafiyarsa guda 5 ya ambaci fura da sunanta na Hausa, domin ya sha ta a hanya kamar yadda abokan tafiyarsa ke sha. Abokan nan nasa kuwa Buzaye ne masu fataucin gishiri, su ne ma suka fi kowa gwaninta a wannan fanni, don hanyarsu ta fi ta kowa tsanani. Kowace shekara bayan damina ayarin raƙuma ya kan tashi daga Azbin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, a kai gero a ɗauko gishiri da dabino. A Tenere ba ciyawa ba itace, har harawar raƙuma da 'yan itatuwan hura wuta sai an ɗauko su tun daga gida. Akwai wata bishiya ƙwaya ɗaya tak da ta tsaya a tsakiyar rairayin nan, ayari na gane hanya da ita, har wani direban babbar mota ya ture ta a 1973, aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai. A irin wannan wuri ba a sauke raƙuma da rana. Abincin yini shi ne dakakken gero da aka haɗa da dabino da cuku, a zuba a 'yar salka da ruwa, mutum yana tafe yana sha. Hatsi, da nono busasshe, da 'ya'yan itace, a ƙoƙo guda.

Masu zuwa Makka a ƙasa su ma da irin guzurin nan su ke tashi, su bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Sai dai tasu tafiyar ta fi ƙarfin kowace jaka, don a kan yi shekaru ana yinta. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙwadago ko noma, a sake wani. Da yawa sun zauna a Sudan ke nan har wa yau, jikokinsu na can suna sana'ar nama da yaji irin ta kakanninsu.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya mutum zai yi wata uku bisa gari da ruwa bai kwanta ba? Amsar tana wurin abin da ya sami waɗansu matafiya na wata ƙasa, waɗanda su suka kwanta. A ƙarni na 18 jiragen ruwan Ingila su kan yi watanni a teku, abincin matuƙa kuwa busasshiyar gurasa ce da nama mai gishiri. Ciki na cika, amma bayan mako 8 ko 10 sai dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin miyaku su buɗe, mutum ya rasa ƙarfin tashi. Wannan cuta ta kashe matuƙa fiye da yadda yaƙi ya kashe. A 1747 wani likitan jirgi, James Lind, ya ware majinyata 12 ya raba su biyu biyu, kowane kashi ya ba shi magani dabam. Biyun da ya ba lemun zaƙi da na tsami su ne suka miƙe, ɗaya ma cikin kwana 6 ya koma bakin aiki. Duk da haka sai a 1795 hukumar jiragen yaƙi ta soma raba wa matuƙa ruwan lemu. Abin da ke cikin lemun, wanda yanzu a ke kira bitamin C, ba a ware shi aka gane shi sosai ba sai wajen 1932.

Falken Gwanja bai taɓa jin sunan bitamin ba, amma hanyarsa ba teku ba ce. Dajin da ya ke ratsawa da rani cike ya ke da kuka, da tsamiya, da magarya, da kanya, da aduwa, da goruba, da ɗorawa. Yaran ayari suna tafe suna tsinka suna tsotsa, don kwaɗayi da kashe ƙishirwa. Garin 'ya'yan kuka kuwa, wanda a ke jiƙawa a sha, ya fi lemu yawan bitamin C nesa ba kusa ba. Har matan Fulani da ke zuba shi cikin nono da rani don ya yi kauri, masu saye na gunaguni wai an yi musu algus, ashe ba su cuci kowa ba ƙwarai.

Akwai kuma darasi na biyu, daga tsibirin Jawa. A can wajen 1890 wani likita ɗan Holan, Eijkman, yana binciken wata cuta mai kashe ƙafafu da a ke kira beriberi. Sai ya ga kajin asibitinsa sun kama tangaɗi irin na majinyata. Da ya bi sawu sai ya tarar ana ba su ragowar farar shinkafa wadda aka goge tas. Da aka mayar da su kan shinkafa mai dusa, sai suka warke. Daga nan aka fahimci cewa albarkar hatsi da yawa tana jikin bayansa, kuma duk abin da inji ya goge ya yi fari fat ya bar rabin amfaninsa a baya. Geron da aka surfa a turmi ba ya fita fes haka.

Malaman kiwon lafiya su kan kasa abinci kashi uku, mai ba da ƙarfi, da mai gina jiki, da mai tsare jiki daga cuta. In aka ɗora jakar falke bisa wannan ma'auni sai a ga ba kashin da ya ɓace. Cikin kashi 100 na gero kamar 11 mai gina jiki ne, ga kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Cikin 100 na gyaɗa kamar 25 ne, ƙuliƙuli kuma ya fi haka tun da an cire mai. Abin da gero ya gaza da shi nono na cike shi, shi ya sa fura da nono ke riƙe manomi da makiyayi yini guda cur.

Abin ya fara sakewa da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Kafin nan ma Salaga ta riga ta faɗi, tun yaƙin basasarta na 1892, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko. Ayarin jakuna ya ragu, amma masu barin gida suka ƙaru, don ga haraji ana biya da kuɗi, ga aikin reluwe, ga dakon gyaɗa a Kano, ga haƙar kuza a Jos. Bambancin shi ne, falke mai wucewa ne, jakarsa daga gida ta ke. Lebura kuwa mazauni ne a bariki, guzurinsa ya kan ƙare cikin mako biyu, daga nan sai abin da kuɗinsa suka iya saye. An ga iyakar wannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka umarci En'e-En'e na lardunan Arewa su ɗebo mutane a kai su Jos aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an kai dubun dubatar talakawa, aka zuba su a bukkoki cikin sanyin dutse, ba mata, ba isasshen hatsi. Da yawa sun gudu, da yawa kuma ciwon ƙirji da zawo sun kashe su. Hukumar da ta san adadin tan na kuzar da ta ke bukata ba ta yi lissafin wanda zai dama wa mai haƙar ta fura ba.

A wannan zamani ne garin rogo ya sami shiga. Rogo asalinsa na Amurka ta Kudu ne, Turawan Fotugal suka kawo shi, kuma 'yantattun bayin da suka komo daga Barazil a ƙarni na 19 su suka yaɗa dabarar soya garinsa a Ikko da garuruwan gaɓar teku. Jirgin ƙasa ya hau da shi Arewa, aka sa masa suna garin kwaki. Ba shakka ya yi wa talaka rana, don arha gare shi, ba ya lalacewa, kuma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya cika kwano. Amma cikin kashi 100 nasa da ƙyar a sami 1 ko 2 mai gina jiki. Wanda ya kwaɗa shi da ƙuliƙuli da albasa da tumatir ya gyara shi. Wanda ya jiƙa shi da sukari kawai ya cika ciki ne, jiki bai sami kome ba sai ƙarfin awa biyu.

Bayan gari sai burodi da shayi. Teburin mai shayi ya zama zauren gwagware a kowace tasha, daga Sabon Gari har Agege. Burodin kuwa na farar fulawa ne da inji ya goge, shayin kuma rabinsa sukari. Sa'an nan taliyar leda ta zo, wadda wani mutumin Japan, Momofuku Ando, ya ƙago a 1958, aka kuma fara yin irinta a Nijeriya cikin shekarun 1990. Ita ma farar fulawa ce da aka soya a mai, da ɗan ƙullin yaji mai gishiri da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokali guda, kada kuma ya wuce kamar giram 50 na sukari, wajen ƙaramin cokali 12. Kwalba guda ta baƙin lemun kwalba tana da wajen cokali 8 ko 9. Hukumar ta kuma ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 kowace rana. Saurayin da ya karya da shayi da burodi, ya yini bisa lemun kwalba da biskit, ya kwana da taliya, ya zarce ma'auni biyu na farko, na ukun kuwa ko kusa bai je ba. Ba ya jin kome yana ɗan shekara 25. Hawan jini da ciwon sukari su kan jira shi ne can wajen 45, lokacin da ya yi iyali masu dogara gare shi.

Ba a ce abincin da ba shi da aibu ba. Furar da aka dama da ruwan kududdufi ta kashe mutane da yawa, balle tun da kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970. Ɗanyen nonon da ba a tafasa ba ya kan ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci daga saniya zuwa mutum, shi ya sa kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar ya fi aminci. Gyaɗa ma tana da nata haɗari. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil ne ya yi hunhuna. Dafin hunhunar nan ba ya mutuwa da suya, kuma yana jawo ciwon daji na hanta. Gyaɗa mai ɗaci, ko wadda ta yanƙwane ta sake launi, da ƙuliƙulin da ya sha danshi, na zubarwa ne. Kilishi kuma gishirinsa da yawa, fatake ma ɗan yanki su ke gutsura, ba su mai da shi tuwo ba.

In aka kiyaye waɗannan, kusan duk abin da ke cikin jakar falke yana nan a kasuwa, har da ƙari. Ga kwaɗon zogale da na rama da 'yan talla ke yawo da shi, ga dafaffen ƙwai, ga karas da gurji da kankana da gwanda da mangwaro, waɗanda ba su bukatar kome sai wanki da ruwa mai tsabta da wuƙa. Fura ma ta shiga kanti, ana dama ta da inji a sa a firji, ko da ya ke masu yinta sun cika mata sukari.

A titunan Ikko da Ibadan da Fatakwal yau akwai samari 'yan ci-rani daga Sakkwato da Katsina da Maraɗi, suna tura baro cike da dabino da aya da kwakwa, waɗansu da kankana da abarba yankakku. Mutanen Kudu masu zuwa ofis su kan tsaya su saya, don likita ya ce musu su rage sukari da maiƙo. In dare ya yi, mai baron ya lulluɓe kayansa da leda, ya ƙirga cinikinsa, ya nufi teburin mai shayi ya ce a soya masa taliya biyu, a haɗa da rabin burodi.